KARE BA YA HAUSHI, KADA SUNANSA YA YI

A wannan mako zancenmu a kan sunan kare ne. Na san wata za ta ce, don Allah duk matsalolin da ke damun mata a rasa abin tattaunawa sai kare? To, ku yi mini haƙuri ku ji dalili.

Kwanan baya na kai ziyara gidan wata ƙawata. Maigidansu ya dawo daga aiki a ƙasar Kwango da wani ɗan kwikwiyo ja, don ya riƙa fita farauta da shi. Muna cikin gaisawa sai na ji ƙawar tawa ta ɗaga murya ta ce, "Ta-Gaza! Zo nan, Ta-Gaza!" Na waiga sai na ga abokiyar zamanta ta ajiye tsintsiya ta shige ɗaki ta saki labule. Ban buƙaci a yi mini bayani ba. Kare ake kira, amma da mutum ake.

Bari in fara gaya muku irin karen. Sunan irinsa Basenji, asalinsa kuwa dazuzzukan tsakiyar Afirka ne, musamman Kwango. Bai cika girma ba, tsayinsa kamar santimita 40 zuwa 43, nauyinsa wajen kilo 10 ko 11. Kunnuwansa a tsaye suke, goshinsa a tattare kamar mai tunanin bashi, wutsiyarsa kuwa a naɗe bisa gadon baya. Yana lashe jikinsa fes kamar kyanwa, macensa kuma sau ɗaya take neman namiji a shekara. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba ya haushi irin na sauran karnuka, sai dai wani kuka mai kama da guɗa. Saboda wannan shirun nasa ne mafarautan Kwango suke rataya masa ƙararrawar itace a wuya, don su san inda yake sa'ad da yake koro musu nama zuwa cikin raga.

Turawa sun sha wahala kafin su raya shi a ƙasarsu. Waɗanda aka kai Ingila a 1895 ciwo ya kashe su. A 1923 wata Baturiya, Lady Helen Nutting, ta kai guda shida daga Sudan, su ma ba su yi rai ba. Sai da Olivia Burn ta kawo nata daga Kwango, ta nuna su a gasar karnuka ta Crufts a 1937, sannan irin ya kafu. Biyu daga cikin karnukanta ta kira su Bongo da Bokoto, watau sunaye gajeru masu daɗin kira.

Amma ku dubi kalmar Basenji ita kanta. Daga harshen Lingala ta fito, ma'anarta kuwa mutanen daji ko ƙauyawa, kuma da raini ake faɗinta. Ga shi yau ta bi karen nan har Amurka da Turai, ba mai iya cire ta. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce suna linzami ne. Abin da aka laƙaba yau cikin wasa ko cikin fushi, shi za a yi ta kira bayan an manta dalili.

Wannan shi ne abin da na faɗa wa ƙawata bayan mun keɓe. Karen nan yakan kai shekara 13 ko 14 a duniya. Na ce mata, yaya, kina nufin shekara goma sha uku kullum safe da yamma a yi ta yi wa baiwar Allah habaici a tsakar gidanta? Kuma ba ke kaɗai za ki kira ba. 'Ya'yanki za su kira, har 'ya'yan da ita ta haifa za su kira, ba su san uwarsu suke zagi ba. Ran da suka gane fa? Faɗan kishi yakan wuce, ku zauna ku ci tuwo a kwano ɗaya, amma karen yana nan yana amsa sunan.

Na sani wasu za su ce ai sa wa dabba sunan habaici tsohuwar al'ada ce, kuma ya fi a fito a yi dambe. Ni ban yarda ba. Wadda aka zaga baki da baki tana iya kai ƙara wurin maigida ko wurin manya a sasanta. Wadda aka zaga ta bakin kare kuwa ba ta da abin kamawa, sai ta haɗiye, abin ya zama ƙulli a zuciya.

Don haka ga shawarata ga duk wadda aka bar wa zaɓen suna. Da fari, kada ki sa masa sunan mutum, balle sunayen annabawa da sahabbai da bayin Allah. Kada ki sa sunan wata ƙabila ko wani gari don ba'a, domin wata rana baƙo zai shigo gidan. In kuma sunan wani harshe ya ba ki sha'awa, tambayi ma'anarsa tukuna.

Na biyu, sunan ya zama gajere, gaɓa biyu ko uku. Basenji kare ne mai taurin kai, in ya hango zomo ko kaza ba ya waiwaye, sai sunan da ke fita da sauri ne zai juyo da shi. Kada kuma sunan ya yi kama da kalmar da ake faɗa kullum a gida. In kin sa masa Shiru, duk sa'ad da kika tsawata wa yara zai sheƙo a guje.

Na uku, dubi karen da kansa, shi zai ba ki suna. Wutsiyar nan tasa a naɗe, me zai hana a ce Gammo? Ƙafafunsa farare ne, ga Safa. Gudunsa kuwa, ga Barewa, ga Walƙiya. Ba wanda zai ji waɗannan ransa ya ɓaci.

A tuna kuma, addininmu ya ba da izinin ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona ne, ba don ya kwana a ɗaki ba. Wanda kuma ya sayi Basenji don ya yi wa ɓarawo haushi, to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Ƙawata dai ta ji magana. Da na koma na tarar yara suna kiran Gammo, matan biyu kuwa suna zaune a tabarma ɗaya suna tsince shinkafa. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mako mai zuwa.