Ƙarin Jijiyar Kunne: Yaushe Ake Taɓa Shi, Yaushe Ake Sa Masa Ido?

Akwai wata ɗabi'a da mutum kan shafe shekaru yana yi bai lura ba. Waya ta yi ƙara, ya kara ta a kunnen dama, ya ji muryar can ƙasa kamar daga cikin rijiya, ya mayar da ita kunnen hagu, magana ta fito tas. Sai ya ɗora wa sabis laifi, ko ya ce dattin kunne ne, ya biya kemis ya sayi maganin ɗigawa. A wurin ɗaurin aure kuwa, in hayaniya ta kaure, sai ka ga yana karkato kai yana cewa, "Na'am? Me ka ce?" Mafi yawan masu wannan matsala dalilinsu mai sauƙi ne. Amma akwai 'yan kaɗan da hoton MRI zai nuna musu ƙari a kan jijiyar da ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira akustik niyuroma. Ranar da aka furta wa mutum cewa yana da ƙari a kai, abin da ke fara fitowa daga bakinsa da na danginsa shi ne, "Likita, a cire shi kawai." Tsoron da ya haifi wannan magana abin fahimta ne, amma ina ganin gaggawar na iya jawo wa mutum asarar da ƙarin da kansa bai jawo masa ba.

Mu fara da sanin abin da ake fuskanta. Wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, ba ya watsuwa zuwa huhu ko hanta. Yana tsirowa ne daga ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiya kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki, galibi a reshen jijiyar da ke kula da daidaiton tsayuwa da tafiya. Matsalarsa wurin da ya zauna. Jijiyar tana bi ne ta wata 'yar ƙaramar kafa a cikin ƙashin kai, tsawonta kusan santimita ɗaya, kuma a cikin wannan matsatsin tana tafe kafaɗa da kafaɗa da jijiyar ji da jijiyar da ke motsa fuska. Shi ya sa alamunsa na farko su ne raguwar ji a kunne ɗaya, da ƙara mai kama da kukan gyare wadda ba ta yankewa, da ɗan tangaɗi musamman cikin duhu. Shi ya sa kuma duk hannun da zai shiga ya ciro shi dole ya ratsa ta gefen jijiyar da mutum ke murmushi da ƙifta ido da ita.

Hujja mafi ƙarfi a kan halin wannan ƙari ta fito ne daga Denmak, inda tun 1976 ake rubuta kowane mai ɗauke da shi a faɗin ƙasar. A farkon rajistar, mutum 3 cikin miliyan ake ganowa a shekara, kuma girman ƙarin lokacin ganowa yakan kai milimita 26, wato kusan goro guda. Zuwa 2015 adadin ya kai mutum 34 cikin miliyan, girman kuma ya sauko zuwa milimita 7, kamar ƙwayar wake. Babban dalilin shi ne na'urar MRI ta yawaita, ana kama ƙananan da a da mutane ke tsufa da su har Allah ya karɓi abinsa ba a san suna nan ba. Likitocin Kopenhagen sun bi ɗaruruwan irin waɗannan marasa lafiya da hoto ba tare da tiyata ba, kuma a rahotonsu na 2006 sun nuna cewa cikin ƙarin da bai fito daga kafar ƙashin ba, kashi 17 cikin ɗari ne kawai ya ƙaru har ya leƙo waje. Cikin waɗanda suka riga suka leƙo ma, kusan kashi 29 ne suka ci gaba da girma. Ke nan da an kwashi kowa an kai ɗakin tiyata ranar farko, da an buɗe kawunan mutane masu yawa a kan abin da ya riga ya tsaya cik.

To, wani zai ce, ai tiyatar yanzu ba irin ta da ba ce. Gaskiya ne. A farkon ƙarni na 20 mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan aiki ba sa tashi, sai da Harvey Cushing na Amurka, wanda ya wallafa littafi a kan ƙarin a 1917, ya rage mace-macen ƙwarai, sannan William House na Los Anjelas ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin a shekarun 1960. A yau, a hannun ƙwararrun da suka saba, mutuwa ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Sai dai tsira da rai ba shi kaɗai ake aunawa ba. Ɗaya daga cikin hanyoyi uku da ake bi a isa ga ƙarin tana ratsa cikin kunnen ne, kuma wanda aka bi ta nan da shi ya yi ban kwana da jin wannan kunnen har abada. Sauran biyun na ƙoƙarin ceto ji, ba kullum suke dacewa ba. Ƙarar nan mai damun mutum da dare kuwa sau da yawa tana nan bayan an cire ƙarin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jijiyar fuska. In ta taɓu, ɓari ɗaya na fuska ya saki, baki ya karkace, ruwa ya riƙa zubowa ta gefe in ana sha, ido ya ƙi rufuwa har sai an riƙa ɗiga masa magani ana manne shi da filasta lokacin barci don kada ya bushe ya yi gyambo. Wasu na warwarewa cikin watanni, wasu sun zauna da shi ke nan. Ga mai ƙarin da bai wuce ƙwayar wake ba, wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai hanya ta tsakiya, wato gashi da haske. Likitan Suwidin Lars Leksell ne ya ƙirƙiro na'urar da ake kira Gamma Knife, kuma a 1969 aka fara amfani da ita a kan wannan ƙari a Stokholm. Babu yanka a cikinta: tana harba siraran haske kusan 200 daga kusurwoyi daban-daban su haɗu a kan ƙarin, a zama ɗaya, mutum ya koma gida. Ba ta fitar da ƙarin, tana hana shi girma ne, kuma tana yin nasara a sama da mutum tara cikin goma, muddin bai wuce kamar santimita 3 ba. Me zai hana a yi wa kowa tun farko? An gwada wannan tambaya a birnin Bergen na Norwe, inda aka raba marasa lafiya 100 gida biyu, aka gasa wa rabi nan take, aka sa wa rabi ido, sai wanda nasa ya motsa a yi masa. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna cewa bayan shekara huɗu ƙarin waɗanda aka gasa tun farko ya fi ƙanƙancewa, amma a wajen ji da sauran alamomin da mutum ke rayuwa da su, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Hoto ya yi kyau, kunne bai ce komai ba.

Ban ce jira ba shi da farashi ba. Ji na iya ci gaba da raguwa ko da ƙarin bai ƙara ko milimita ɗaya ba, kuma wanda ya jira yana iya rasa damar tiyatar da za ta ceto masa jin. Matashi ɗan shekara talatin mai jin da bai lalace ba, lissafinsa daban yake da na dattijon da ya haura saba'in. Ga kuma nauyin zuciya: kwana da tashi da sanin cewa akwai wani abu a kanka, da faɗuwar gaba duk lokacin da ranar hoto ta matso. Wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin asibitin Mayo na Amurka da likitocin Bergen, wanda aka wallafa a 2015, ya gano cewa bambancin jin daɗin rayuwa tsakanin masu jira da masu tiyata da masu gashi ƙanƙani ne, kuma sanin cewa mutum na da ƙarin ya fi taɓa rayuwarsa fiye da hanyar da ya zaɓa. A fahimtata, wannan na nufin likitan da ya zauna ya yi bayani a tsanake, ya nuna hoton, ya amsa tambayoyi, ya riga ya yi wani babban ɓangare na jinyar.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne namu na gida. Sa ido na nufin a sake hoton MRI bayan kamar wata shida, sannan shekara-shekara, a riƙa gwada sabo da tsoho. A Denmak gwamnati ke biya. Manomin da ke Gumel ko Tasawa kuwa, sai ya sayar da dabba, ya hau mota zuwa babban birni, wataƙila ma ya tarar na'urar ta tsaya. In ba zai iya komawa ba, to jiransa ba jinya ba ce, kuma likitan da ya duba halinsa ya ba shi shawarar a yi aikin tun da wuri bai yi laifi ba. Haka nan in ƙarin ya riga ya girma yana danne tushen ƙwaƙwalwa, fuska ta fara dindiris, ga ciwon kai da amai da dishi-dishin gani saboda ruwa ya taru a ka, babu sauran zancen zaɓi, tiyata ce kuma da sauri. Abin takaici, a wannan matakin da yawa daga cikin mutanenmu ke isa asibiti, bayan shekaru ana ɗiga magani a kunne. Gwajin ji ba ya cin rabin awa, ana yin sa a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa. In gwajin ya nuna kunne ɗaya ya bar ɗan'uwansa a baya ba tare da wani dalili na fili ba, sai mara lafiya ya tambayi likita ko akwai buƙatar hoton MRI.