Su wa za su duba yaranmu masu galahanga a Agadas?

Idan dai mai karatu bai manta ba, tun a shekarar 2007 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga watan Afrilu ta kowace shekara domin faɗakar da jama'a kan larurar nan ta galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. To amma ranar kan zo ta wuce galibin matan da ke zaune a rumfunan babbar kasuwar Agadas ba su ji ɗuriyarta ba, alhali kuwa a cikinsu akwai wadda ta baro yaronta a gida an kulle masa ƙofa, akwai kuma wadda jarinta ya ƙare wajen neman magani, yau wurin wannan mai magani gobe wurin wancan boka. Dalili ke nan da ya sa muka ga ya dace mu leƙa inda wasu jami'o'in Afirka suka kafa cibiyoyin bincike kan wannan larura, mu ga su wa ke aiki a ciki, me suka gano, sannan me za mu iya ɗebowa daga wurinsu.

Da farko dai ya kamata mu san abin da ake magana a kai. Yaro ne za a ga ya shekara ɗaya da rabi ko biyu, a kira sunansa bai waiga ba, alhali yana jin ƙarar babur daga nesa. Ba ya nuna wa uwarsa abu da yatsa, bai damu da wasan tsaransa ba, sai dai ya jera gwangwanaye ko takalma a layi, in aka taɓa ɗaya ya yi ta kuka. Wani ba ya magana ko kaɗan, wani kuma yana maimaita abin da aka ce masa. Wani hayaniyar kasuwa kaɗai ta isa ta sa ya toshe kunnuwa yana ihu. Akwai kuma masu magana sarai, masu kaifin basira ma, sai dai zama da mutane na yi musu wuya. An fi ganin larurar ga yara maza. Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya bayyana ta a Amurka a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11.

A wajenmu nan da nan sai a ce aljanu ne, ko sammu, ko kuma a zargi kishiya. Binciken masana ya nuna cewa bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun yaro na ciki, kuma gado ne ke da kaso mafi yawa a cikin dalilan. Ba laifin tarbiyyar uwa ba ne, ba a kuma ɗaukar ta wurin wani. Jita-jitar da ake yaɗawa cewa allurar rigakafin ƙyanda ce ke kawo ta, daga wani rahoto na yara 12 da aka buga a Ingila a 1998 ta samo asali, kuma mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. A ƙasar Danmak an bi diddigin yara sama da 650,000, sakamakon da aka fitar a 2019 bai nuna wata alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba. Sannan kuma, ƴan kasuwa a saurara da kyau, har yanzu babu ƙwaya, babu jiƙo, babu allurar da ke warkar da ita. Duk wanda ya ce a kawo jika kaza zai raba yaro da ita a kwana bakwai, to kuɗin yake so. Abin da ke taimakawa shi ne koyarwa tun da wuri.

A nan ne maganar masana ta shigo. A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu akwai cibiyar binciken galahanga da ake kira CARA a taƙaice. Wanda ya kafa ta shi ne Farfesa Petrus de Vries, likitan ƙwaƙwalwar yara da matasa, ɗan ƙasar, wanda ya daɗe yana aiki a Kambirij ta Ingila kafin ya koma gida a 2012. Wanda ya ji an ce cibiyar bincike zai zaci manyan na'urori ne aka jibge. Gaskiyar magana babu wani awon jini ko hoton kai da ke nuna galahanga. Ana gane ta ne ta hanyar zama da yaro, a lura da wasansa, a kuma saurari uwarsa. Saboda haka jarin cibiyar mutane ne: likitocin ƙwaƙwalwa, masana halayyar ɗan Adam, masu koyar da magana, masu koya wa yaro ayyukan yau da kullum kamar cin abinci da saka tufafi, ga kuma ɗaliban da ke neman manyan digiri a ƙarƙashinsu. Kowa da abin da idonsa ke gani, kamar dai yadda mai awo da dillali da mai kaya kowa ke da aikinsa a ciniki guda.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukan da suka yi shi ne ƙirga abin da aka sani. A 2017 Dokta Lauren Franz ta Jami'ar Duke ta Amurka, tare da Farfesa de Vries da abokan aikinsu, sun tattara binciken da aka taɓa bugawa kan galahanga a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka samu guda 53 kacal, akasarinsu daga Afirka ta Kudu da Najeriya. Babu ko ɗaya a ciki da ya bi gida-gida ya ƙirga yawan masu larurar a cikin jama'a. Daga baya wata ma'aikaciyar cibiyar, Sarosha Pillay, ta duba rajistar ƴan makaranta sama da miliyan ɗaya na lardin da Cape Town take, ta tarar yara 940 ne kawai aka rubuta suna da galahanga. Idan aka yi la'akari da ƙiyasin da ake yi a lokacin na yaro 1 cikin 100, kamata ya yi a samu sama da 10,000. Abin tambaya a nan shi ne, ina sauran suke? Ko dai suna aji ba wanda ya gane su, ko kuma suna gida. In haka ta faru a lardin da ke cike da likitoci, sai mai karatu ya auna da tamu jihar.

Mu ɗan yi lissafi irin na kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 na da galahanga a duniya. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Agadas mutum 487,620. In aka raba za a samu wajen mutum 3,800, kuma kowa ya san yadda jama'a suka ƙaru tun daga lokacin. Wannan ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, amma ya isa ya nuna cewa maganar ba ta gida ɗaya ko biyu ba ce. Ga su nan warwatse daga Arlit zuwa Ingal, daga Cirozerin zuwa Bilma, a jihar da ta fi rabin ƙasar Nijar faɗi, wadda babban birninta ke nesa da Yamai da sama da kilomita 900.

Wani abin da ya fi jan hankalinmu a aikin na Cape Town shi ne batun ma'auni. Kayan gwajin da ake ji da su a duniya a Amurka da Turai aka ƙirƙiro su, suna da tsada, kuma sai an horar da mutum kafin ya yi aiki da su. A cikin ɗaya daga cikinsu ana sa yaro ya yi wasan bikin zagayowar ranar haihuwa da ƴar tsana, a ga ko zai shiga wasan. To yaron da ya tashi a rugga ko a garkar Tabelot, wanda bai taɓa ganin irin wannan biki ba, in ya tsaya yana kallo sai a rubuta masa me? Haka nan batun kallon ido. A tarbiyyarmu yaron kirki sunkuyar da kai yake yi a gaban babba. Baƙon likitan da bai san kunya irin tamu ba zai iya yi wa lafiyayyen yaro mummunar fahimta, wanda ya san mu kuwa zai duba yadda yaron ke kallon uwarsa da tsaransa. Wannan ne ya sa mutanen cibiyar suka fassara gwajin zuwa harshen Afirkans, suka kuma tambayi iyaye ko kayan wasan sun dace da gidajensu. Mu a nan da Hausa da Tamajak ake bukatarsa, kuma tun da dokar 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba mu ga abin da zai hana a soma ba.

Ba sai mun je ƙarshen nahiya ba ma. A makwabciyarmu Najeriya, Farfesa Olayinka Omigbodun ta kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan, inda take horar da likitoci da ma'aikatan jinya da sauran ma'aikata daga ƙasashen Afirka daban-daban, su koma gida su yi aiki. A Legas kuma binciken Dokta Mashudat Bello-Mojeed ya nuna cewa iyaye kan lura da matsalar kafin yaro ya cika shekara 2, amma ba a tabbatar musu da sunanta sai ya kai wajen shekara 9. Uwa dai ta gani da wuri. Shekarun da ke tsakani kuwa su ne mafi tsada, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyarwa, a lokacin ne kuma ake sayar da akuya da kayan ɗaki ana yawon neman magani.

Ganin cewa ƙwararru ba za su taɓa isa ba, sai masanan Cape Town suka koma horar da ma'aikatan renon yara waɗanda ba likitoci ba, su kuma su zauna da iyaye su nuna musu yadda za su mayar da wanka da cin abinci da wasa su zama darasi: a bi abin da yaro ke so, a zauna daidai fuskarsa, a ɗan jira ya nemi abu da hannu ko da murya kafin a miƙa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fito da irin wannan shiri na horar da iyaye, ana tara su rukuni-rukuni a kuma ziyarce su gida, an kuma jarraba shi a Habasha da Kenya. Ga alama wannan ita ce hanyar da ta dace da aljihunmu.

Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014 kimiyya da fasaha aka sa mata a gaba, horar da likitoci kuwa yana Yamai da Maraɗi da Damagaram. Amma mun ga cewa ba likita kaɗai ke yin cibiya ba. Ƙirga yara da fassara tambayoyin gwaji aiki ne da malaman jami'a da ɗalibansu za su iya yi tare da babban asibitin jiha da asibitin uwa da yara. Ma'aikatan jinya na asibitocin unguwa da na karkara suna ganin yara a wajen awo da rigakafi, ga shi tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Akwai wata takardar tantancewa mai tambayoyi 20 da ake yi wa uwa idan yaro na tsakanin wata 16 da 30, ba ta cin lokaci. Su ne kuma za su fara tura yaro a duba masa kunne, domin a ƙasar da sanƙarau ke kurmantar da yara ba kowane marar magana ne mai galahanga ba. Haka nan a tambaya ko yana farfaɗiya, tun da takan zo tare da larurar, ita kuwa tana da magani.

Saura wurin tara iyaye, wannan kuwa matan kasuwa ba sa bukatar a koya musu. Ƙungiyoyin adashe na Mata Masu Dubara da aka soma a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ana kwaikwayonsu a ƙasashe da dama, kuma zama suke yi kowane mako ba tare da an biya su ladan zama ba. Muna kira ga hukumar lafiya ta jiha da majalisar gari da su tura ko da mutum biyu ne, mai jin Hausa da mai jin Tamajak, su samo wannan horo, da sharaɗin dawowa su zauna a Agadas, sannan a haɗa su da waɗannan ƙungiyoyi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, don haka shugabannin ƴan kasuwa na da hujjar da za su riƙe idan suka je gaban magabata kafin ranar 2 ga Afrilu mai zuwa.