Haɗin gida ko buhun kamfani? A duba irin kazar tukuna



Ranar Talata, cikin shirinmu na manoma da makiyaya, wata baiwar Allah ta bugo waya daga wajen Bande. Ta ce tana da kaji 12 da zakara guda, ta karɓi kuɗin adashe, shi ne take tambaya: ta sayi buhun abincin kaji irin wanda ake kawowa daga Najeriya, ko ta ci gaba da watsa musu dusa kamar yadda ta saba? Kafin in buɗe baki waya ta ɗauki zafi. Wani ya ce kazar Hausa ba ta san buhu ba tun kaka da kakanni. Wani ya ce zamani ya wuce dusa, wanda bai sayi buhu ba wasa yake. Lokaci ya ƙare ba mu ba matar nan amsa ba, abin ya tsaya mini a rai. To ga amsata a rubuce, kowa ya auna.

A ganina duka biyun sun yi gaggawa. Babu wanda ya tambayi matar wace irin kaza gare ta, kuma a nan maganar take.

Kazar Hausa, wadda ke yawo a tsakar gida da bakin juji, a shekara ƙwai 40 zuwa 60 take yi. Sauran lokacin tana kwanci, ko tana yawo da 'yan tsaki. Kazar ƙwai ta gidan gona kuwa tana iya kai ƙwai 280 zuwa 300 a shekara, amma da sharaɗi: kullum ta ci gram 110 zuwa 120 na abincin da aka auna mata. Kazar nama, wadda ake cewa buroila, cikin sati 6 zuwa 7 tana kai kilo 2, bayan ta cinye kilo 4 ko fiye. Waɗannan kaji na zamani an ƙera su ne don buhu, kamar yadda aka ƙera babur don mai. Kazar Hausa ko ka cika mata akurki da abincin kamfani, ba za ta koma mai ƙwai 300 ba. Jininta ne haka.

Ga lissafi mai sauƙi. Buhun kamfani kilo 25 ne. Kaji 10 da aka kulle, kowace na cin gram 120, kilo 1 da gram 200 ke nan a yini. Buhu guda zai kai sati 3. Ki tambayi kuɗin buhu a kasuwa yau, ki ƙirga ƙwan da kajinki na Hausa 10 za su yi cikin sati 3, ki buga da kuɗin ƙwai. Na yi wannan lissafi da mata da yawa, har yanzu ban ga wadda ƙwanta ya biya buhun ba.

Sai dai kar mutanen dusa su yi saurin tafi. Dusa zalla ba abinci ba ce, cika ciki ce. Abin da ke gina nama da ƙwai shi ne sinadarin da likitoci ke kira furotin. Masara na da shi kamar kashi 9 cikin 100, dawa wajen 10, hatsi 11 zuwa 12, dusa ma nan kusa take. Kaza mai ƙwai tana son kashi 16 zuwa 18, ɗan tsako kuwa wajen 20. Da damina kaza na cike giɓin da kanta: ga fara, ga tsutsa, ga ɗanyen haki. Amma daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa, me ke ƙasa ban da rairayi da leda? Lokacin ne za ki ga kaza ta daina ƙwai, ko ta yi ƙwai mai laushin ɓawo, ko ta koma tana fasa nata tana sha. Sai a ce maita ce ko baki. Yunwa ce kawai.

Abin da ya kamata mu yi alfahari da shi, ƙasarmu ta gyaɗa ce da wake da riɗi. Tunkuzar da mata ke samu in sun matse mai tana da furotin wajen kashi 45 cikin 100, ta ninka na masara sau biyar. Garin busasshen kifi da ke taruwa a gindin kwandon mai kifi ya fi haka ma. Ke nan abin da kamfani ke nema da waken soya, mu muna da irinsa a bayan ɗaki.

Ga haɗin da muke yi a gidanmu, in an kasa shi kashi 10. Kashi 5 tsakin masara ko dawa. Kashi 2 dusa. Kashi 2 busasshiyar tunkuza da aka daka, ko wake da aka soya a tukunya ba mai. Rabin kashi garin kifi ko busasshiyar fara. Rabin kashi ƙashi da ɓawon ƙwai da aka ƙona aka daka. Sai ɗan gishiri, abin da yatsu uku suka ɗauka a tiya guda, da garin busasshen zogale tafi ɗaya. Kazar da ke fita kiwo gram 50 ya ishe ta a yini, rabi da safe rabi da marece. Kaji 10, tiya guda ta kilo 2 da rabi tana kai su kwana 5. Ga ruwa mai tsabta kullum a inuwa, don ƙwai kansa fiye da rabinsa ruwa ne.

Haɗin gida yana da nasa tarko, dole in faɗa. Na ɗaya, ɗanyen wake da ɗanyen soya suna hana kaza narkar da abinci, sai an soya ko an dafa. Na biyu, ƙuli-ƙulin da aka yi don mutane yana da gishiri da yaji, wani har sukari, gishiri mai yawa kuwa yana kashe 'yan tsaki. Na uku shi ne mafi muni. Mun saba in gyaɗa ko masara ta yi fumfuna sai mu ce a ba kaji. Wannan fumfunar tana ɗauke da dafin da ake kira aflatoksin, yana lalata hantar kaza, yana rage ƙwai, wuta kuma ba ta kashe shi. Abin da kika ƙyamaci ba ɗanki saboda ya ruɓe, kar ki ba kazar da ɗan zai ci ƙwanta. Kuma kar a haɗa na wata guda a jibge, musamman da damina. Na sati ɗaya ko biyu ya isa.

To ina amfanin buhu ke nan? Yana da shi, a wuri biyu.

Wuri na farko, 'yan tsaki. Duk mai kiwo ya sani, kaza ta ƙyanƙyashe 10, bayan wata biyu in an ga 4 sai a gode Allah. Shirwa ta ɗauka, sanyi ya kashe, sauran yunwa ta ƙarasa. Satin farko zuwa na huɗu ɗan tsako ba ya cin abin kirki, duka-duka bai wuce rabin kilo ba a watan, amma abin da ya ci ɗin dole ya zama cikakke. A nan abincin kamfani na 'yan tsaki, wanda 'yan kasuwa ke cewa sitata, ya fi haɗinmu, saboda akwai bitamin da wasu sinadarai da ba mu da ma'auninsu a gida. A kife su a kwando ko akurki tare da uwarsu, a ba su wannan na sati 4, sannan a riƙa cakuɗa shi da haɗin gida har su saba. Tsako 10 kilo 5 ne. Buhu guda ya ishi mata 5. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka faro a jahar Maraɗi tun 1991, yanzu babu inda ba su kai ba. Abin da ake yi da asusu a yi shi da buhu: a haɗa kuɗi a sayi rufaffe, a buɗe gaban kowa, a raba.

Na ce rufaffe don dalili. Abincin da ake aunawa da kwano a bakin kasuwa, ba ka san ranar da aka yi shi ba, ba ka san ko an ƙara masa dusa ba. Buhu na gaskiya yana da takarda a ɗinke a bakinsa, da kwanan wata, da adadin furotin. In ba ka iya karantawa, ɗan lakwal na gidanka ya duba maka. Ka sa hannu ka shinshina. In ya dunƙule ko yana warin tsami, ka bar musu kayansu ko da an rage maka jika guda. Araha ba ta ado.

Wuri na biyu, kajin nama da kajin ƙwai na gidan gona. Waɗannan kam buhu ne abincinsu, kuma a nan ni kaina na sha kashi. A watan Yuli na 2023 ni da uwargida muka sayi buroila 30, da niyyar mu sayar kafin a koma lakwal. Kaji 30 suna son buhu 5 zuwa 6. Mu muka sayi 2, muka ce saura sai an ga hali. Bayan 26 ga Yuli CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta rufe. Buhu ya yi wuya, wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya kuma kuɗinsa ba a magana. Muka koma cakuɗa dusa da tsaki. Kajin da ya kamata su tafi a sati 7 suka kai sati 11 suna ci ba sa cika hannu, 6 suka mutu, sauran muka sayar da su kuɗin da bai mayar da uwar kuɗi ba. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne. Na sayi baki 30 ban tanadi abin da zan zuba musu ba.

Darasin nan ya wuce gidana. Yawancin buhunan da muke gani a nan daga Najeriya suke: Vital Feed daga Jos, Chikun daga Kaduna, da sauransu, suna shigowa ta Maigatari ko ta Babban Mutum. Cikinsu masara ce da soya, don haka kuɗinsu na bin kasuwar Dawanau ta Kano, yana bin naira, yana bin iyaka. Iyakar nan Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024. Sau biyu cikin shekara biyar. Mai gidan gona da jari yana iya jibge buhun wata uku. Matar da ke Dogo-Dogo ko Malawa da kaji 12 ba ta iyawa. Duk wanda zai ɗora kiwonsa kacokan a kan buhu, ya sayi abincin har ranar sayarwa kafin ya sayi tsako ko guda.

Akwai waɗanda za su ce: ai tsakin da kake cewa a ba kaji, abincin mutane ne. Gaskiya ne, kuma ban ɗauki maganar da wasa ba. Magarya ce fa, inda likitocin MSF ke jinyar yara masu tamowa tun 2005, kuma kowa ya san yadda asibiti ke cika daga tsakiyar damina zuwa kaka. Shi ya sa ban sa hatsi cikin haɗin ba. Hatsin rumbu na yara ne. In rumbu ya yi ƙasa, a rage tsaki, a ƙara dusa da tunkuza, a kafa tukunyar gara: tsohuwar tukunya da karmami da busasshiyar kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife a inda gara take, da safe a juye wa kaji. In abin ya ƙi, a rage kajin. Kaza 6 masu ƙoshi sun fi 15 masu rama. Kuma don Allah, in ƙwai ya samu, kar a kwashe duka a kai kasuwa. Ƙwai guda a kwanon yaron da aka yaye ya fi ribar da za a samu a kansa.

Abu na ƙarshe, wanda in babu shi duk lissafin nan banza ne: rigakafi. Ciwon kaji na lokacin sanyi, wanda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, yana share gida cikin kwana kaɗan, bai damu da ko buhu suka ci ko dusa ba. Kuɗin rigakafin kaza guda bai kai kuɗin ƙwai biyu ba. A nemi ma'aikatan kiwo kafin iskar hunturu ta taso. Mu nan mun ga abin da ya fi haka. A watan Fabrairu na 2006, ina kolej, a Magarya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a duk faɗin Nijar, aka bi gida-gida ana karkashe kaji da agwagi. Tun daga ranar na san cewa tsohon buhu da kejin da suka fito daga gidan gonar da ba ka sani ba suna iya shigo maka da ciwo. Sabuwar kazar da aka sayo a kasuwa ma a ware ta sati 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Don haka, Hajiya ta wajen Bande, in kina karantawa ko wani ya karanta miki, ga yadda zan raba kuɗin adashen nan da ni ne ke. Farko rigakafi ga duka 13. Na biyu tunkuza da garin kifi, yanzu da suke da sauƙi, a shanya su bushe sarai. Na uku ki nemi mata 4 ku haɗa buhun 'yan tsaki guda. Abin da ya rage ki gyara akurki, ki ajiye saura. Manyan kajinki ba sa bukatar buhu.

Wanda ya gwada wani haɗin ya ga amfaninsa, ko ya ga inda na kuskure, layinmu a buɗe yake ranar Talata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya tsare mana shi daga annoba. Amin.