Giwayen teku sun tsira daga mafarauta, amma da sauran rina a kaba

Yawan giwayen teku na arewa, wato dabbobin nan masu shayarwa da mazansu ke da dogon hanci, ya haura dubu 200 a gaɓar tekun Kalifoniya da Meziko. Sai dai masana na ganin yawan ba shi ne lafiya ba.

A ƙarni na 19 mafarauta sun yi ta kashe su domin narka kitsensu a yi mai, har aka ɗauka sun ƙare. A 1892 aka ga takwas a tsibirin Guadalupe, amma masu tara wa gidan tarihi kaya suka harbe bakwai. Sai a 1922 gwamnatin Meziko ta haramta farautarsu.

Ke nan dukkan na yau jikoki ne na 'yan tsirarun da suka rage, waɗanda ake ƙiyasin ba su kai 100 ba. Ga shi kuma namiji guda kan mallake mata da dama, abin da ya ƙara tsuke zuriyar. Wani bincike na 1974 bai gano bambanci ko ɗaya ba a gurabe 24 na ƙwayoyin gadonsu, yayin da masanan jami'ar Durham ta Ingila suka nuna a 2024 cewa lamarin ya taɓa haihuwarsu da ƙwazonsu wajen nutso.

Babbar fargabar ita ce annoba, domin garken da jininsa ɗaya ne cuta guda na iya kwantar da shi. A 2023 murar tsuntsaye ta hallaka dubban 'ya'yan takwarorinsu na kudu a Ajantina, duk da cewa waɗannan sun fi su bambancin ƙwayoyin gado.