Ba Gini Ke Yin Bincike Ba

Da wuya a yi taro a kan binciken lafiya a Najeriya a tashi ba tare da wani babba ya karɓi lasifika ya ce matsalarmu rashin kayan aiki ce ba. Wai sai an gina katafaren ɗakin gwaje-gwaje, an shigo da na'urori na biliyoyin naira, sannan za mu iya zancen bincike. Ƙananan kuɗin somin-taɓi da ake bai wa likitoci su haɗu su gwada wata dabara kuwa, a wurin masu wannan ra'ayi ɓarna ce, in an yi musu adalci ma abin raba wa malamai ne su rubuta maƙala su sami ƙarin girma. Zancen ya yi jijiya a ma'aikatu da majalisun jami'o'i har ba a musa shi. Ni ina musawa, kuma hujjata tana Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar sikila a Najeriya kowace shekara. Cikin mafi munin abin da cutar ke yi wa yaro akwai shanyewar ɓarin jiki, wadda ke samun wajen 11 cikin 100 kafin su kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Tun 1998 wani bincike a Amurka ya nuna mafita: a auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da wata ƙaramar na'ura, yaron da nasa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗari, sai a riƙa yi masa ƙarin jini duk wata, haɗarin ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. To amma ƙarin jini duk wata a Kano? Ina jinin, wa zai biya, wa zai tabbatar da tsabtarsa? Ilimin na nan a mujallu, yaranmu na ci gaba da shanyewa.

Abin da ya karya wannan ƙulli ɗan ƙaramin gwaji ne mai suna SPIN, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka yi tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt. Yaran da aka bai wa maganin hydroxyurea a cikinsa ba su kai 30 ba. Tambayoyinsa ma ba na burga ba ne. Iyaye za su yarda a sa 'ya'yansu? Yara za su sha ƙwayar kullum ba fashi? Za ta cutar da su? Kuɗin ya fito ne daga Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, wato NIH, a rukunin tallafin da suke kira R21, wanda ba ya wuce dala 275,000 na aikin kansa a shekara biyu. Ga hukumar da kasafinta ya haura dala biliyan 40 a shekara, wannan canji ne.

Amsoshin da aka samu su suka buɗe ƙofar babban gwajin SPRING, da yara 220 a asibitin Aminu Kano, da na Murtala Muhammad, da na Barau Dikko a Kaduna. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet Haematology a 2022. A tsohon binciken Amurka, irin waɗannan yara idan ba a yi musu komai ba wajen 10 cikin 100 ke shanyewa a shekara. A SPRING adadin bai kai 2 cikin 100 ba, kuma ƙaramin awon hydroxyurea na miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro ya yi kafaɗa da kafaɗa da na miligiram 20 wajen hana shanyewar. Wato rabin magani, rabin kuɗi, ga talakan da ke ƙirga ƙwaya. Magani ne kuma da ake haɗawa a cikin Najeriya.

A lura da irin hannayen da aiki kamar wannan ke buƙata: likitan yara, likitan jini, likitan hoto, ma'aikatan jinya, mai haɗa magunguna, masanin ƙididdiga, da wanda zai bi sawun uwar da ba ta dawo da ɗanta ranar asibiti ba. Babu farfesa ɗaya, komai tsawon rawaninsa, da zai iya shi kaɗai. Kuɗin somin-taɓi su ne ke sayen lokacin waɗannan mutane su zauna tebur ɗaya, su saba da juna, su koyi rubuta bayanan majinyaci yadda wani a wata ƙasa zai duba ya amince. Wannan sabo shi ne jarin da ke saura bayan kuɗin sun ƙare.

Mu kuma fa? Muna da TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana samun kuɗi daga harajin da kamfanoni ke biya. Yana da babban asusun bincike na ƙasa da ake gasa a kansa, yana kuma da ƙaramin tallafi na cikin makaranta da a shekarun baya ya daɗe ba ya wuce naira miliyan 2 ga aiki ɗaya. Na farkon sai wanda ya riga ya tara hujjojin farko ke iya cin gasarsa. Na biyun ba ya isa a bi majinyata shekara guda, don haka mai hankali sai ya buga takardun tambayoyi, ya raba, ya auna "sani da ra'ayin" mutane a kan wata cuta, ya fitar da maƙala. Ban ga laifinsa ba, abin da kuɗin za su iya ke nan. Matakin tsakiya, inda SPIN ya tsaya, shi ne babu. Ga kuma wata katanga: asusun na manyan makarantun gwamnati ne, asibitin jiha ba ya cikin masu cin gajiyarsa, alhali can ne majinyatan suke cunkushe.

Za a ce ai yawancin irin waɗannan ƙananan gwaje-gwaje ba sa kai ko'ina. Gaskiya ne, kuma aikinsu ke nan. Gara a gano da kuɗi kaɗan cewa dabara ba ta aiki da a gano bayan an zuba biliyan. Mai binciken kuɗin da ke neman kowane aiki ya dawo da labarin nasara shi ke koya wa malamai zaɓen tambayar da suka riga suka san amsarta. Za a kuma ce kuɗin za su zurare, ko a jera sunayen abokai a takarda a kira su ayari. Zai iya faruwa. Sai dai tallafin da ake saki kashi-kashi, ana duba rajistar majinyata kafin a saki na gaba, ya fi kwangilar gini sauƙin bibiya nesa ba kusa ba. Ina ma zargin cewa ƙaunar gini ba ta rasa nasaba da yanka kyalle da allon da ke ɗauke da sunan mai girma. Gwajin yara 30 ba shi da bikin buɗewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda kuɗin Kano suka fito. Mun gode wa waɗanda suka ba da, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da kuɗin farko shi ke zaɓen cutar da za a duba, kuma ranar da siyasar ƙasarsa ta juya, aikin ya tsaya. A 2025 gwamnatin Trump ta rushe hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, NIH kuma ta dakatar da tsarin da jami'o'in Amurka ke miƙa wani kaso na tallafinsu ga abokan aiki na ƙasashen waje. Tun 2008 ministocin lafiya suka yi kira a Bamako cewa a ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya don bincike. An sa hannu, an watse.

Gwamnonin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ba sa buƙatar jiran Abuja. Kowannensu zai iya ware kuɗin da bai kai na gada ɗaya ba, ya kafa asusun da zai ɗauki ayari biyar ko goma a shekara, da sharaɗin kowane ayari ya haɗa malamin jami'a da ma'aikacin asibitin jiha, alƙalan gasar su fito daga wata jiha, a kuma wallafa sakamako ko da gwajin bai yi nasara ba. Attajiran da ke gina ɗakunan kwanciya a asibitoci don neman lada, su ma ga ƙofa. 'Yan majalisar jiha kuma, idan kasafin lafiya na baɗi ya zo gabanku, ku nemi layin bincike. Idan babu shi, ku mayar da takardar.