Mai Nauyin Baki Ma Yana Da Shaida

'Yan'uwa cikin Almasihu, a ekklisiyoyinmu akwai masu bi waɗanda shanyewar ɓarin jiki ko lalurar haihuwa ta ɗaure wa harshe. Da yawansu hankalinsu garau yake, amma akan bar su a baya lokacin ajin baftisma, wai don ba sa iya furta bangaskiyarsu da baki. Wannan bai dace ba.

Mu tuna da Zakariya firist a Luka sura 1. Sa'ad da bakinsa yake rufe, allo ya nema ya rubuta sunan ɗansa, aka kuwa karɓa.

Hanyoyin ba su da wuya. A zana hotuna a kwali: i, a'a, ruwa, ciwo, addu'a. Mutum ya nuna da yatsa, ko ya kalli wanda yake nufi. Mai karatu a ba shi allon haruffa. Akwai kuma manhajojin waya masu furta abin da aka taɓa. Masana sun nuna waɗannan ba sa hana yaro koyon magana.

Dattawa, ku yi tambaya ɗaya, ku jira, kada ku amsa a madadinsa. Shaidar da ya bayar da yatsa, ku karɓe ta. Ubangiji ya ba mu haƙurin sauraro. Amin.