Madubi Mai Juyawa Ya Kusa Yin Ritaya

Yawancin motocin da ke tuƙa kansu suna gane hanya ne da na'urar lidar, wadda ke harba hasken infirared da ido ba ya gani, ta auna lokacin da zai ɗauka kafin ya dawo. Da yawa daga cikin na'urorin nan da madubi mai juyawa suke karkata hasken, alhali duk abin da ke juyawa cikin ƙura da gargada ba ya daɗewa. Shi ya sa nake ganin masu zuba kuɗi a kan faifan da aka jera wa mitsi-mitsin ginshiƙai, waɗanda ba su kai tsawon zangon hasken ba, sun fi hangen nesa. A 2011 tawagar Federico Capasso ta Jami'ar Harvard ta nuna cewa ƙananan eriyoyin zinare a kan silikon suna lanƙwasa infirared zuwa inda aka tsara. Kamfanin Lumotive na Amurka kuwa ya haɗa irin wannan faifai da ruwan kiristal irin na allon waya, sai ga wutar lantarki kaɗai tana sauya alƙiblar hasken, babu madubin da ke motsi.

Masu suka suna cewa faifan launi ɗaya kawai yake sarrafawa da kyau, kuma wani kason hasken yana salwanta. Asarar hasken gaskiya ce, tana kuma rage nisan gani. Amma zancen launi ba hujja ba ce, domin dama can lidar da zango ɗaya, wato launi ɗaya, take aiki, galibi nanomita 905 ko 1550. Ga kuma sauƙin ƙira: a masana'antun ƙwaƙwalwar kwamfuta ake buga faifan, kuma tun 2022 kamfanin STMicroelectronics yake sayar da na'urorin auna nisa masu irin wannan faifai na kamfanin Metalenz.